Babban Yatsana

Yaya,

Ina gaishe ki da kyau. Yaya Inna da yara? Ni lafiya lau, sai ɗan ciwon ƙafa.

Takalmin aiki ne ya goge mini babban yatsa, na yi ta ɗaure shi da tsumma ina zuwa ma'aikata. Da likitar ƙafa ta duba, sai ta ce, "Mai ciwon suga ba ya wasa da gyambo. Da ka zo da wuri, wankewa kawai zan yi." An cire yatsan, Yaya. Ina takawa, kada ki damu.

Inna ma tana da sugan. Ki karɓe rezar da take kankare kaushi da ita, ki kai ta asibiti. Kada ki gaya mata dalili. In Allah ya dawo da ni, da kaina zan cire takalmin a gabanta.

Ƙaninki.