Gwaggo Ba Ta San Kowa Ba Sai Yaya

Laraba, 2 ga Afrilu

Bayan gaisuwa da fatan alheri zuwa ga kaina, ina mai baƙin cikin sanar da kaina cewa ajalin Gwaggo ya kusanto.

Gwaggo ita ce sabar ofishinmu, wadda masana ke kira uwar garke: baƙin akwatin ƙarfe a ɗan ɗakin da ke ƙarƙashin matakala, tsakanin bokitin goge ƙasa da kwalayen tsofaffin takardu. Duk taswirar filin da masu safiyo na ofishin nan suka taɓa aunawa a cikinta take, tun kafin gemu ya san hanyar haɓata. Yayana ne ya haɗa ta da hannunsa, shi kuma ya raɗa mata suna, wai don ba ta barci kuma ba ta daina gunaguni.

Manaja ya kira ni da safe. Masu babbar manhajar da Gwaggo ke tafiya a kanta za su daina aiko mata facin tsaro a ƙarshen wata. Sun fitar da sabon zubi wanda za su ci gaba da rainonsa shekaru masu yawa, kuma kamfanin da ke ba mu mafi yawan aiki ya ce ba zai bar taswirorinsa a gidan da ba maigadi ba. Saboda haka a ɗaukaka ta zuwa sabon zubin kafin wata ya mutu.

Na miƙe tsaye na yi alkawarin gudanar da wannan gagarumin aiki cikin tsanaki da hangen nesa. Ya ce in rage Hausa in ƙara aiki.

Ga inda gizo ke saƙar. Ba a ɗaukaka ta sai an kashe ta an sake kunnawa. In ta farka, faifanta a kulle yake, sai an ba ta kalmar sirri. Mutum ɗaya ya san kalmar. Yana gida kuwa tun ranar da ɓarin jikinsa na dama ya shanye, ya tafi masa da mafi yawan maganarsa.

Alhamis, 3 ga Afrilu

Na gabatar wa Manaja batun kalmar sirri. Ya shafa kai ya ce, "To, sai mu jira Yayanka ya taimaka. Dama na faɗa, kujerarsa na nan, tunda Gwaggo ba ta san kowa ba sai shi."

Kujerar tana nan kuwa. Yaya dogo ne, ya ɗaga ta har maƙura. Ranar da na gwada hawanta ƙafafuna lilo suka yi. A kan ɗan benci nake zama a gefenta, kamar wanda ya zo gaisuwa.

Abin da ban gabatar ba: akwai wata hanyar. Muddin Gwaggo idonta biyu, ƙofar faifanta a buɗe take. Ana iya sa sabon zubi a sabuwar na'ura, a kwashe komai a mayar can, a bar tsohuwa ta huta. Yaya da kansa ya koya mini a watan da ya kawo ni ofishin. Ta wannan hanyar ba a bukatar kalma. Ba a bukatar mai kalmar.

Ban yi ƙarya ba. Na dai bai wa gaskiya hutun ƙarshen mako.

Asabar, 5 ga Afrilu

Na kai ziyarar aiki gidan Yaya, da kibod a hammata.

Matar Yaya ta tare ni a ƙofa, ta ce lafiya Farfesa ya zo da allonsa, ko karatu za a ɗora musu? Yaya ne ya liƙa mini Farfesa tun ina ƙarami, saboda na taɓa kiran zawo "rikicin cikin gida". Yanzu rabin sunan kawai yake iya kamowa: Fesa.

Yana zaune a bakin taga, ƙwallon robar da likita ya ba shi a cikin tafin damansa. Ta ce kullum da safe sai ta tuna masa ofis na jiransa, Gwaggo na jiransa, sannan yake yarda ya matsa ƙwallon. In ba ta faɗa ba, bango yake kallo.

Na tambaye shi kalmar. Ya buɗe baki ya rufe. Na ba shi biro a hagu, ya zana abin da ya fi kama da sawun kaza. Sai matar Yaya ta tuna ya taɓa ce mata ko da wuƙa aka tsare shi ba zai iya faɗinta ba, don ya daɗe da mantawa da baki; yatsunsa ne suka haddace.

Na ɗora masa kibod a cinya. Hagu ta tashi da kanta, ta danna, ta dakata, ta danna biyu, ta dakata. Kowane dakatawa gurbin dama ne. Dama kuwa tana kwance a kan ƙwallonta kamar ba da ita ake ba.

Ya dube ni. Na ce masa wannan gagarumar nasara ce a matakin farko.

Litinin, 7 ga Afrilu

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Wanda ya fara faɗin wannan, ban san me na yi masa ba.

Laraba, 9 ga Afrilu

Ana iya gwada kalma ba tare da an kashe Gwaggo ba, saboda haka na kafa kwamitin bincike mai mutum ɗaya. Na ɗauki abin da hagun Yaya ta bayar, ina cike guraben da duk abin da na san yana so: sunan matarsa, sunan titin da muka taso, lambar babur ɗinsa na farko. Amsar Gwaggo ɗaya ce, gajera, ba ladabi.

Babbar matsalar ita ce hagun ma ba ta tsaya kan magana ɗaya ba. Abin da ta danna jiya dabam da na shekaranjiya. In babu 'yar uwarta, ita ma ɓata take yi.

Lahadi, 13 ga Afrilu

Inna ta ji labari. Ta ce ai ba sai an wahala ba, a sa sunanta, wane ɗa ne zai kulle abu da sunan da ba na uwarsa ba? Na shaida mata cikin girmamawa cewa an gwada. Ta dubi Yaya ta ce ta gode, dama haihuwar maza asara ce. Yaya ya yi dariya da rabin fuska. Rabon da in ji dariyarsa har na manta.

Da za ta tafi ta ja ni soro gefe ta ce, "Auta, kar ka bari su ɗauke masa kujerar nan." Ban san wa ya gaya mata akwai kujera a maganar ba.

Talata, 15 ga Afrilu

Manaja ya leƙo ƙarƙashin matakala, abin da bai taɓa yi ba. Ya tambaya ko babu wata hanya dabam. Na yi masa jawabi mai tsawo a kan sarƙaƙiyar al'amura da haɗarin gaggawa. Ya saurara har ƙarshe, mutumin kirki ne, sannan ya ce in mako mai zuwa ya ƙare ba labari zai ɗauko ƙwararre daga waje.

Ƙwararre zai ga hanyar tun kafin shayinsa ya huce.

In na juye taswirorin a sabuwar na'ura, na cire Yaya da hannuna. In na ƙi, baƙo ya cire shi, ya haɗa da ni. Wannan shi masana ke kira zaɓi.

Asabar, 19 ga Afrilu

Na zo da sabuwar dabara, na ba ta suna aron gaɓa. Na zauna a damansa, na sa hannuna a kan kibod, matar Yaya ta ɗora nasa a kan nawa, yatsa bisa yatsa. In wani ya motsa, ko yaya, ni zan danna.

Ban san hannunsa na da nauyi haka ba. Da shi ya riƙa murɗe mini kunne.

Hagu ta fara. Ta dakata. Muka jira. Na ji kamar manuniyarsa ta yi rawa, na danna. Ashe tawa ce ke rawa. Muka sake, muka sake, har gumi ya jiƙa masa wuyan riga. Daga nan ya sa hagu ya ɗauki ƙwallon ya jefa bango, ta gangara ƙarƙashin gado. Matar Yaya ta durƙusa tana lalube, ta daɗe a can fiye da yadda neman ƙwallo ke bukata.

 Na yi sallama na tafi gida.

Talata, 22 ga Afrilu

An ɗauke wuta da tsakar rana, janareto kuma ya zaɓi yau ya yi yajin aiki.

Gwaggo tana da batirin ko-ta-kwana, sa'anta ne a shekaru. Ya fara ƙara kamar tsiyakon da shaho ya ɗauka. In ya mutu ta mutu, in ta mutu ta kulle, taswirorin mutane kuma sun shiga kabarin da ba mai tonewa. Kwafin taswirorin da ke ajiye ma Yaya da wannan kalmar ya kulle su. Mutum ne mai riƙon amana har ya yi yawa.

Na zare duk abin da ke shan batirin banda ita. Na tsaya a duhu ina kallon 'yan fitilunsa suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya. A waje masu safiyo na ta hira a kan ƙwallon ƙafa, ba su san aikin ƙuruciyarsu na rataye da zare ba. Saura fitila ɗaya aka kawo wuta.

Na zauna a kan bokiti. 

Laraba, 23 ga Afrilu

Na tafi da niyyar ba matar Yaya labarin jiya a kicin, a hankali. Na manta bakinsa ne ya tafi, ba kunnensa ba.

Ya buga hannun kujera. Muka shiga. Na ɗauko kibod don in rufe kunya, ya ture shi da hagu har ya faɗi. Shayinsa na kan tebur, kusa da kofin da yake shan magani. Ya ɗauki na shayin, ya tsiyaye shi cikin ɗayan. Kaɗan ya zuba a tebur. Ya ajiye wanda ya zama fanko, ya kife shi.

Na ce ban gane ba. Na gane.

Ya yi ta kokawa da harshensa, jijiyar wuya ta tashi, har kalmar ta fito.

"Juye."

Na ce, Yaya, akwai sauran lokaci, yatsun na samun ci gaba mai ƙarfafa gwiwa, likita ma ya ce...

"Fesa. Juye."

Shi ya koya mini hanyar. Tun ranar da na shigo da kibod a hammata ya san abin da nake ɓoyewa, ya zauna yana danna mini rabin kalma don kar in ji kunya. Ni a zatona ni ke lallashinsa.

Matar Yaya ta goge teburin. Ba wanda ya taɓa kofin da aka kife.

Juma'a, 25 ga Afrilu

Na gaya wa Manaja an gano wata hanya. Bai tambayi yaushe aka gano ta ba. Ya dube ni dai, ya sa hannu a takardar sayen sabuwar na'ura.

Litinin, 28 ga Afrilu

An gudanar da aiki.

Na sa sabon zubi a sabuwar na'ura, na juye taswirori, na buɗe su ina gwadawa har idona ya yi ja. Na yi ta fatan wani abu ya ƙi, ko da ƙarami ne, wanda zan ce sai an tambayi Yaya. Babu. Komai ya tashi lafiya lau, har da sauri. Masu safiyo sun ce taswira na buɗewa kafin mutum ya ɗauke yatsa, ɗaya ya dafa kafaɗata ya ce ashe ƙaramin ya fi babban. Na yi masa murmushin da ya dace da matsayina.

Sabuwar ta nemi in ba ta kalmar sirri. Na ba ta. Na rubuta a takarda na kai wa Manaja ya kulle a sef, akwatin ƙarfen ofis.

Da la'asar na kashe Gwaggo. Ban taɓa jin ɗakin nan ba gunaguninta ba. Ashe famfon bayan bango yana ɗiga.

Laraba, 30 ga Afrilu

Manaja ya yi magana mai taushi a kan hutu da lafiya da yadda ƙofa take a buɗe kullum. Sannan ya ba ni kwali in kai wa Yaya kayansa, kar su yi ƙura. Kofi, tabarau, sukudireba mai jan kai, rigar sanyin da yake ratayewa a bayan kujera.

Na kai. Yaya ya ɗauki sukudireban ya juya shi a hagu, ya miƙo mini. Na ce nasa ne. Bai sauke hannu ba sai da na karɓa.

A bakin ƙofa matar Yaya ta ce ba ta san abin da za ta ce masa da safe ba yanzu. Ƙwallon tana kan taga tun Larabar da ta wuce. Ba ta kira ni Farfesa ba. Inna kuwa ta amsa gaisuwata a taƙaice.

Juma'a, 2 ga Mayu

Facin tsaro na farko ya iso. Na sa wa sabuwar na'ura, na kashe, na kunna. Ta nemi kalma, yatsuna suka ba ta kafin in tuna.

Ba ta da suna. An tambaye ni, na ce saba ce.

Bencin yana sa mini ciwon baya, shi ya sa na koma kujerar Yaya. Akwai ɗan ƙarfe a ƙarƙashin kujerar, in an ja shi tana sauka. Kaɗan na sauke ta. Ana iya mayarwa.