Gaɓar da Muka Sayar

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa irin ta ƙanwa ga wanta, ina fatan takardar nan za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti da yara. Allah ya ƙara muku lafiya, ya raya mana su, ya sa aikin nan naka ya ɗore. Mu nan muna raye, alhamdu lillahi. Ƙafar Inna ta sake kumbura, amma tana takawa da sanda. Maigidana ya koma tuƙi makon jiya da aka buɗe gada. Yara suna fama da tari, babbar ce ma ta fi jin jiki. Har yau muna cikin ajin makarantar firamaren da aka sauke mu bayan ambaliya, gida uku a aji ɗaya, mun raba tsakaninmu da igiya da zannuwan gado. Katifar Inna tana ƙarƙashin allo, inda rufin bai cika yoyo ba.

Na zaɓi in rubuto maka da hannuna in ba direban da ke zuwa wajenku, domin a waya ba ka bari in kai ƙarshen magana. Da na ɗauko zance sai ka ce Auta ki yi haƙuri, sai kuma ka ce ana nemanka a wurin aiki. Na saurari saƙon muryar da ka turo ranar Juma'a, na sake saurara har sau uku ko zan ji wani abu daban. Abu biyu ka faɗa. Ka ce abin da ya same mu ƙaddara ce, mu rungume ta. Sannan ka ce Mai Bulo, mutumin nan mai wurin buga bulo, ya kira ka, ya yi mana jaje, ya ce zai sayi sauran filin har da kangon gidan, kai kuma kana ganin wannan ita ce dabara, don haka in shirya sa hannu. Yaya, tun daga ranar zuciyata take tafasa. Hotuna kawai ka gani, shi ya sa bakinka ya iya furta wannan magana. Bari in gaya maka abin da hoto bai nuna maka ba.

Ka san gaɓar bayan gidanmu, tudun nan da ya raba layinmu da kogi. Ka san itatuwan da Baba ya dasa a kai sahu-sahu, waɗanda in muka karya reshe ɗaya ranar sai mun sha bulala. Shekara biyu da suka wuce, Baba bai cika shekara a ƙasa ba, ka zo hutu ka shigo da Mai Bulo har falo, ka ce yana son gaɓar zai riƙa ɗiban yashi. Kawu ya taso daga ɗakinsa na baya, fensir a bayan kunne, garin katako a gemu, ya ce kada a yi. Ya ce wannan tudun shi ke tare wa layin nan ruwa, ya ce da idonsa ya taɓa ganin kogi ya hau har gindin sahu na uku ya koma. Ka yi dariya, ka buɗe waya ka nuna masa taswira, ka ce ka tambayi waɗanda suka san aikin, ka ce kafinta ya tsaya a kan katakonsa. Ƙanin mahaifiyarmu ka gaya wa haka, a gaban baƙo. Tun daga ranar yake kiranka Injiniya, kai kuma kana amsawa kamar yabo ne.

Ba zan wanke kaina ba. Ina tsaye a wurin da tiren ruwa a hannuna, kuma ni ma na yi dariya. Na sa hannu a ƙasan naka. Da rabona na sayi babban keken ɗinki mai amfani da wuta, na yi ta nuna wa ƙawayena. Don haka kada ka ɗauka wata mai tsarki ce ke maka faɗa. Bambancina da kai ɗaya ne: ni ina nan lokacin da aka fara. Cikin mako guda aka sare itatuwan Baba kaf. Aka kawo katafila. Tifofi suka riƙa shiga da fita tun safe har yamma, ƙura ta hana ni shanya farin yadi, bangon ɗakin Inna ya tsage. Ramin ya yi zurfin da in ka tsaya a baki, mutanen da ke ciki kamar yara kake ganinsu. Kawu ya je ofishin masu kula da filaye sau uku. Aka ce ya rubuto takarda, ya rubuta. Aka ce mai duba ta ya yi tafiya. Ni kaina na kira ka sau biyu na ce abin nan ya fara ba ni tsoro, ka ce filin ya fita daga hannunmu, ba ruwanmu.

Kwana huɗu aka yi ana ruwa ba ƙaƙƙautawa. Ranar Talata, kafin azahar, ina shago a gaban gida ina yanka kayan 'yan makaranta, sai na ji ƙara kamar babbar mota ta juye duwatsu. Kowa a layin yana duban ƙasan titi, ta inda ruwa ya saba tasowa in kwata ta cika. Ta bangon bayan gidanmu ya shigo, Yaya. Daidai inda aka haƙe gaɓar ta ɓalle. Jan ruwa ne mai kauri, yana tafe da kututture da kwanon rufi. Kafin in ajiye almakashi ya kai mini gwiwa. Na saɓa ƙaramin a kafaɗa, na riƙe hannun babbar, ina ta kiran Inna, ita kuwa tana kan gado ta kasa saukowa. Kawu ne, da shekarunsa saba'in da ɗoriya, ya ɗauko guduma ya cire ƙyauren ɗakinta, wanda shi ya kafa shi da hannunsa. Suka kwantar da ita a kai, shi da maigidana suka tura ta cikin ruwa har ƙirji, suka haura da ita zuwa benen makaranta. Inna tana kuka tana salati, shi kuwa yana ce mata ta yi shiru, yau ta hau jirgin ruwa kyauta, ba kwandasta ba kuɗin mota.

Mu mun fita. Maƙwabciyarmu Maman 'Yan Biyu ba ta fita da duka nata ba. Ka san ta, ita ce ke aiko maka da gaisuwa duk lokacin da na ce za mu yi waya. Tana riƙe da yaran, ɗaya a kowane hannu, wani gungume ya doke ta a baya, hannun hagu ya saki. Sai a rana ta uku aka sami yarinyar a kwanar kogi, ta maƙale cikin tarkace. Shekararta huɗu. Yanzu zanen gado ɗaya ne tsakanin shimfiɗata da ta wannan baiwar Allah. Ɗan uwan yarinyar kullum sai ya tambaya yaushe za ta dawo, kuma ina jinsa. Uwar ba ta taɓa ɗauko mini zancen ba. Da safe takan miƙo mini ashana, ta tambayi ƙafar Inna. Ta san wanda ya sayar da gaɓar, duk layin ya sani. Wallahi da ta zage ni da na fi samun sauƙi.

Da ruwa ya janye sai wata masifar ta fito. Masai duk sun fashe sun haɗu da rijiyoyi. Tankin man da Mai Bulo ke ajiyewa a bakin rami don injinansa ya kife, kogi ya yi baƙi, kifaye suka taso ciki sama, wari ya hana mutane cin abinci. Lambunan ƙasan layi yashi ya binne su, har yau ba a gane iyakar gonar wani da ta wani. Ruwan sha ya zama sai mai hali. Ɗan ruwan leda da ake rabawa, Kawu yakan karɓi nasa ya miƙa wa yara, ya ce shi cikinsa tsohon ƙarfe ne, ya je ya sha na rijiya. A rana ta tara amai da gudawa suka kama shi. Gada ta karye, asibiti yana tsallake. Muka ɗora shi a baro muka tura har bakin ruwa, muka zauna cikin rana muna jiran kwalekwale tare da wasu marasa lafiya fiye da ashirin. A nan ya cika, da la'asar, kansa a cinyata. Bai ambace ka da sharri ba. Abin da ya tambaye ni kawai shi ne ko Injiniya ya kira. Na ce masa ka kira, kana gaishe shi. Ƙarya na yi wa mutum yana gaɓar mutuwa don in rufa maka asiri. Sai washegarin jana'iza ka kira.

Ba na son in tsaya lissafa maka asara, amma tunda ka ce in sayar in huta, ka ji. Keken nan da na saya da kuɗin gaɓa, mai gyara ya buɗe shi ya tarar da laka har cikin injin, ya rufe ya ce in yi haƙuri. Yadukan mutane da ke shagona, wasu sun tafi, wasu sun rine da jar ƙasa. Matan sukan zo su tsaya a ƙofar aji su gaishe ni, ba sa tambaya, ni kuma ba ni da bakin magana, domin su ma wasunsu kayan jikinsu kaɗai suka tsira da su. Mai gyaran waya ya rufe, mai sayar da magani ya koma garinsu. Masu gidajen haya na saman gari kuwa da suka ga mun rasa matsuguni sai suka ninka kuɗi. Shugaban makaranta ya ce mana a ƙarshen wata za a dawo karatu, mu san inda za mu nufa.

Ana cikin haka Mai Bulo ya zo. Ya zo da mota cike da buhunan shinkafa, kowane buhu da sunansa a jiki, ga mai ɗaukar hoto a bayansa. Ya durƙusa gaban Inna yana matse ido, mai hoton yana ce mata ta juyo buhun yadda rubutun zai fito. Tsohuwar da ƙaninta bai yi mako a kabari ba! Maman 'Yan Biyu ta karɓi nata, ta taka har bakin motar, ta mayar da shi inda aka ɗauko, ta dawo ta zauna. Shi kuwa Mai Bulo ko a jikinsa. Wurin buga bulonsa yana kan tudu, ko ɗigo bai taɓa shi ba. Yanzu duk wanda zai ta da bango sai ya je wurinsa, kuma ya ƙara farashi. Ka san abin da ya sa yake son kangon gidanmu? Ruwa ya tara yashi mai kyau a tsakar gidan, kuma daga nan zai faɗaɗa raminsa zuwa layi na gaba, inda akwai gidaje da yara. Wannan ce dabarar da kake so in sa wa hannu.

Kada ka koya mini imani da ƙaddara, Yaya, a gida ɗaya aka koya mana. Ruwan sama na Allah ne, ya saukar da shi yadda ya so, ban yi jayayya ba. Amma katafila mu muka kawo ta. Kai ka shigo da mutumin, ni na sa hannu, Kawu ya yi magana muka mai da shi abin dariya. In muka kira wannan ƙaddara muka yi shiru, gobe a sake yi wa wasu.

Saboda haka ga abin da na yi, gara ka ji daga bakina. Mutanen layi sun haɗu sun kai ƙara a kan ramin, na bi su. Da jami'in ya tambaya wa ya sayar da gaɓar tun farko, kowa ya sunkuyar da kai don kunyata. Na miƙe na ce ni ce da yayana. Aka rubuta sunana da naka. An sa ranar zama, ashirin ga watan gobe. Ba zan sa hannu a kan sayar da ko taku ɗaya ba, kuma ba tare da hannuna ba cinikin ba zai yiwu ba. Kada ka turo kuɗi a madadin kanka, zan mayar maka. Ka ɗauki hutu ka zo. Ka tsaya kusa da ni a gaban mutanen nan. Ka je kabarin Kawu. Ka shigo ajin nan ka ɗaga zanen gado ka yi wa Maman 'Yan Biyu ta'aziyya ido da ido, yadda nake kallonta kullum. In ka yi fushi da ni, ka yi, amma ka yi shi a nan.

Ka gaida mini Anti sosai, ka ce na ga kayan yaran da ta aiko, sun yi musu daidai, Allah ya saka mata da alheri. Ka shafa mini kan ɗanka Babban Mutum da 'yar takwarata. Maigidana yana gaishe ka, Gwaggo ma ta ce in miƙa gaisuwarta. Inna ba ta san abin da ke cikin takardar nan ba, kuma ban gaya mata zancen ciniki ba. Ta ga ina rubutu ta tambaya wa nake rubuta wa, na ce kai ne. Sai fuskarta ta washe, ta ce in gaya maka kada ka damu da mu, kuma in tambaye ka ko kana samun cin abinci a kan lokaci. To, na tambaya.

Wassalam.

Ƙanwarka,
Auta