Ina Son Jos Gaba Ɗaya a Gem Ɗinmu, Ƙawata Ta Ce Titi Ɗaya Ya Isa

Anti Fiddausi, don Allah ki taimake ni kafin murna ta raba ni da ƙawata.

Ni tela ce a Daɗin Kowa. Ƙawata Osinachi tana gyaran waya a kasuwar Terminus, kuma tun firamare muke tare. Wata biyu ke nan da muka fara koyon haɗa gem na waya a laftop ɗin yayanta, da wata manhaja ta kyauta da bidiyon koyarwa. Ni nake zane, ita take rubuta wa kwamfuta umarni. A gem ɗin, wata mata ce, Mama Siman, ɗauke da tiren ƙwai a ka, za ta tsallaka titin Terminus tsakanin keke da bas ba tare da ƙwai ya zube ba.

Anti, ranar Talata Mama Siman ta yi tafiya! Taku uku kacal, ta shige cikin bas kamar aljana ta ɓullo ta baya, amma wallahi ta yi tafiya. Na koma shago na ɗinka hannun rigar wata kwastoma a baibai, ina warwarewa ina dariya ni kaɗai.

Daga nan kaina ya ɗau zafi. Na cika littafin awona da matakan gem har arba'in. Akwai kasuwar Katako da masu saɓe da itace, akwai ruwan ƙanƙara, akwai akuyar da ke bin Mama Siman, kuma ina so mutum ɗari su buga lokaci guda. Har na gaya wa mahaifiyata da kwastomomina cewa kafin Kirsimeti zai shiga wayoyinsu.

Osinachi ta karanta ta ce mu gama titi ɗaya tukuna. Ni kuma bakina ya suɓuce na ce ba ta da buri. Jiya yayanta ya gaya mini an ba ta aiki a wani shagon kwamfuta a Enugu, ta roƙa a ɗaga mata wata uku saboda gem ɗinmu. Ba ta taɓa faɗa mini ba. Yanzu da kalma ɗaya take amsa saƙona. Kunya ta ishe ni, amma ko yanzu da nake rubuto miki akuyar nan nake zanawa a gefen takarda. Yaya zan yi?

Mai Zumuɗi, Daɗin Kowa

Mai Zumuɗi, na yi dariya, kuma na taya ki murna. Taku ukun nan ba ƙaramin abu ba ne, da yawa sun ajiye aikin kafin su kai nan.

Burinki ba laifi ba ne, shi ne zai riƙe ku ranar da komai ya ƙi aiki. Amma Osinachi ta fi ki gaskiya. Abin da kika zana cikin minti goma, ita yana iya cinye mata mako biyu.

Ki fara da zuwa Terminus da ƙafarki ki ba ta haƙuri, ban da saƙon waya. Ki gaya mata kin san maganar Enugu.

Sannan ku rubuta gem ɗin a shafi ɗaya: me mai bugawa zai yi, yaya zai ci, yaya zai faɗi. Abin da bai shiga shafin ba ya jira a littafinki. Watan farko ku sa Mama Siman ta daina ratsa bas, ko da motocin akwatuna ne marasa launi. Na biyu ku sa zane da sauti, ku ɗauko hayaniyar titin da wayarku. Na uku gyara zalla. Duk Asabar ki miƙa wa kwastomar da ke jiran ɗinki wayar, ki rufe bakinki, ki lura da inda take rikicewa. Ku riƙa ajiye kwafin aikin a wuri biyu.

Ki faɗa wa mahaifiyarki cewa ƙaramin gem ne ke tafe, za ta yi alfahari da shi haka nan. Idan wata ukun ya cika, kada ki roƙi Osinachi ta ƙara ko kwana ɗaya. Ki raka ta tasha da gem ɗin da kuka gama a wayarta, sunayenku biyu a kai.

Allah ya yi wa aikinku albarka, ya bar ku tare.

Anti Fiddausi