Awarwaron da Abah Yake Riƙe wa Mak

Muar, ƙarshen watan Shawwal

Zuwa ga ƙanena Shahrizal,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Fazlina da yara. Allah Ya ƙara muku juriyar sanyin Kanada, Ya sa albarka a cikin abin da kuka je nema. Mu nan lafiya, sai abin da ba a rasa ba. Ƙafar maigidana Abang Mokhtar ta yi sauƙi har ya koma tuƙa motarsa. Likita ya hana shi shayi mai madara, shi kuma ya koma shansa a shagon bayan masallaci, yana ganin ban sani ba. 'Yata Qistina ta gama jarrabawa tana gida hutu. Na ga hoton sallarku, kuma in ba wayar ce ta yi ƙarya ba, Fazlina tana kula da tukunyarka sosai, don maɓallan rigar da na ɗinka maka bara suna shan wahala.

Ka san ni ba mai rubuta wasiƙa ba ce. Na ɗaga waya ya fi a ƙirga don in faɗa maka wannan magana, amma da na ji muryarka sai in ɓige da tambayar makarantar yara. Shi ya sa na zauna na rubuta, zan sa takardar cikin ƙunshin dambun nama da busasshen kifi da ɗan maƙwabciyarmu Cik Zaharah zai taho maka da shi. Maganar mahaifinmu Abah ce. Kada gabanka ya faɗi, yana kan ƙafafunsa, yana zuwa masallaci in an raka shi. Mantuwar ce dai ta ƙaru fiye da yadda ka bar shi, kuma wani abu ya faru da ya fi ƙarfina.

Ka tuna wurin wasan ruwan nan da mahaifiyarmu Mak ta tilasta mana muka yi rajistar iyali, muke zuwa duk bayan ƙaramar sallah. Ka tuna kwalin awarwaron roba da suke aiko mana kowace shekara, kowa da nasa, da sunansa a dandatse ta ciki, wanda in ka kara a bakin ƙofa take buɗewa. Mak ce take zaɓen launi, kuma dole ya dace da ankon sallar shekarar. Shekarar da Abang Mokhtar ya yi karambani ya zaɓa mana ruwan toka, ta ce wannan launin marasa dangi ne, kuma sai da ya sha gori har babbar sallah. Ita da Abah ba sa hawa komai. Suna zaune a inuwa suna gadin jakunkuna da kular dafaffen naman rendang ɗin da ta shigo da ita a ɓoye ƙarƙashin tawul. Takan ce robar tana sa mata ƙaiƙayi, don haka da mun wuce ƙofa sai ta cire nata ta ɗaura wa Abah a hannu, ta ce ya riƙe mata, in ya kuskura ya yar to a nan za ta kwana, shi ya san abin da zai gaya wa 'ya'yanta. Shi kuma ya ce dama shi an aure shi ne don a sami wurin rataye kaya. Haka yake yini da guda biyu a hannu, sai za mu fita ya mayar mata.

Bayan rasuwarta babu wanda ya iya cire sunanta daga rajistar. Kwali ya ci gaba da zuwa da nata a ciki, kore irin na ganyen ayaba, launin da ta zaɓa na ƙarshe. Abah ya ɗauka ya ɗaura, ba ya cirewa. Da farko mun ɗauka kewa ce kawai. Da mantuwar ta yi nisa sai ya fara cewa ai ta shiga ɗan masallacin wurin wasan ta yi sallah, shi yana riƙe mata ne kafin ta fito. Da shi yake alwala, da shi yake wanka, da shi yake barci. Ka san roba ba ta jure wannan, takan bushe ta tsinke. In ya tsinke sai in buɗe durowar falo in ɗauko wani nata, sabo ko tsoho, in ɗaura masa. Zai juya shi ya shafa sunan da babban yatsa, ya gyaɗa kai, shi ke nan hankalinsa ya kwanta. Abin ya zame mini kamar canza ƙwan fitila, ban ma taɓa ɗaukarsa labarin da za a ba wani ba.

To, ka san 'yarka Qistina tun da ta shiga ƙungiyar masu tsintar shara a bakin teku ta hana gidan nan sakat. Ba leda, ba cokalin roba, Abang Mokhtar ya ce shi yanzu har tsoron yar da tsinken sakace yake yi. Bana sai masu wurin wasan suka aiko saƙo cewa duk iyalin da tsohon awarwaronsu yake aiki suna iya cewa kada a aiko musu sabo, kuma wanda ya tara da yawa ya kawo a narke a yi wani abu da shi. Ta zaro durowar ta juye a kan tabarma. Ni kaina sai da na riƙe baki, tuli guda, na shekara da shekaru, kowane launi akwai. Ta ce mini kowa hannu biyu Allah Ya ba shi, mu kuma mun tara robar da za ta ishi unguwa, wai so muke jikokinmu su yi iyo a cikinta. Ina kan suya a lokacin, na ce ta yi abin da ta ga ya dace. Kuma wallahi gaskiya ta faɗa, ko yau aka tambaye ni haka zan ce. Ta bar wa kowa guda ɗaya. Ta ga na Mak a hannun Abah, ta lissafa shi a matsayin wanda aka bari. Da take sabunta rajistar a waya aka tambaye ta su wa suka rage a cikin iyalin, ta cire sunan kakarta. Daga baya ta gaya mini tana kuka ta yi, tana ganin ta ɗauke mini aikin da na kasa. Ranar da muka je, ta zuba sauran duka a cikin gangar da aka ajiye don haka.

Ba a jima da dawowarmu ba, Abah yana dawowa daga masallaci cikin ruwan sama, na hannunsa ya tsinke ya faɗi. Bai lura ba sai a gida. Abang Mokhtar da maƙwabta suka bi hanyar, suka zira hannu a kwata har gwiwar hannu, ruwa ya riga ya tafi da shi. Ni kuma na buɗe durowa kamar yadda na saba, sai na tarar da ita wayam.

Shahrizal, ban taɓa ganin mahaifinmu haka ba. Da la'asar ta yi zai sa hula, ya sa takalmi, ya tsaya a bakin ƙofar gida. Yana cewa an kusa rufe wurin wasan, Saadiah tana ciki, masu gadi ba za su bar ta ta fita ba, shi aka ba ajiya ya yar. Saadiah yake cewa. Kai ka san duk tsawon rayuwarmu bai taɓa kiran sunanta a gabanmu ba, sai dai ya ce uwarku. Yana roƙon Abang Mokhtar ya kai shi, ya ce ko nawa ne kuɗin motar zai biya, don wani lokaci ɗauka yake Abang Mokhtar direban haya ne. Abinci kuwa in ya yi loma biyu sai ya ture, ya ce ba zai ci ba ita tana can da yunwa. Sau ɗaya haƙurina ya ƙare, na kama hannunsa na ce masa Mak ta rasu, shi ma ya yi mata sallah, yana gaba wajen kai ta. Ya dube ni ya tambaya yaushe, kuma don me ba wanda ya gaya masa. Ya yi kuka irin na ranar farko, har ya fi. Kafin magariba ya manta, ya koma tambayar awarwaro. Na rantse ba zan ƙara kashe masa ita ba, likitarsa ma ta ce kada a ƙara.

Ni da Qistina muka koma wurin wasan. Matar da muka samu a ofishi mutuniyar kirki ce, da ta ji labarin sai da idonta ya ciko. Amma ta ce ba sa buga suna sai mai sunan ya zo da katin shaidarsa an ɗauki fuskarsa, na cikin ganga kuwa tuni an kwashe an kai wurin narkewa. Ta ba mu wani kore marar suna, ta ƙi karɓar komai. Na ɗaura wa Abah ina addu'a a zuci. Ya juya shi, ya shafa, ya ce wannan ba na kowa ba ne. Qistina ta rubuta sunan da alƙalami, bai karɓa ba. Ta zauna da allura tana ɗorawa a wuta tana huda harafi ɗaya bayan ɗaya, har ta ƙona yatsa. Da ta kai masa, ya shafa ya daɗe, sannan ya yi mata godiya irin wadda ake yi wa baƙo, ya ce yarinya ta mayar wa mai shi, ɗaukar kayan mutane ba kyau. Mutumin da yake tambayata ko ni 'yar gidan wa ce, yatsansa bai manta yadda sunanta yake ba. Tun ranar Qistina ba ta cin abinci tare da mu. Ta ce ita ce ta narkar da kakarta. Na yi mata faɗa na ce ta daina wannan maganar banza, sannan na zauna muka yi kukan tare.

Yanzu ga abin da ya sa na rubuto, kuma ina jin nauyinsa ƙwarai. Ranar da za ka koma bayan sadakar bakwai, na gan ka. Na taho da faranti, na hango ka ka buɗe durowar nan ka zaɓi wanda Mak ta ɗaura a zuwanta na ƙarshe, ka sa a aljihun da fasfonka yake. Na koma kicin don kada ka ji kunya. Da ake rabon kayanta ka ce a ba mata, kai ba ka son komai, kuma na san wannan kaɗai ka tafi da shi. Fazlina ta taɓa gaya mini yana cikin motarka, kana taɓa shi kafin ka tayar. Kada ka yi mata faɗa, ni na matsa mata da tambaya. Duk duniya yanzu shi kaɗai ya rage mai sunan Mak.

Na san abin da nake roƙo. Ni ina da gidanta, ina girki a tukwanenta, ina zuwa kabarinta duk Juma'a. Kai ɗan guntun roba kake da shi a ƙasar mutane, shi ne kuma yayarka ta buɗe baki take nema. Ba zan ɓoye maka ba, in ya hau hannun Abah ba zai dawo maka lafiya ba. Abang Mokhtar ya ce zai sa baduku ya ɗinka masa fata ta waje ya bar sunan a buɗe, amma alwala sau biyar ba wasa ba ce, wata rana shi ma zai tsinke. Abin da zan yi ranar ban sani ba, kuma ba na iya tunaninsa yanzu. In ka ga ba za ka iya ba, wallahi ba zan riƙe ka a zuciya ba. Babu wanda ya san na tambaya sai Abang Mokhtar, ko Qistina ban gaya mata akwai shi ba, don kada in sa mata rai. In kuma za ka iya, ka aiko ta hanyar da ta fi sauri. Da so samu ne ma ka kawo da hannunka, kada ka jira sallar baɗi. Sunaye suna zube masa ɗaya bayan ɗaya, naka yana nan tukuna amma ba kullum ba.

Ka gaida Fazlina da kyau, ka ce mata dambun da yaji kaɗan na yi saboda ita. Ka shafa mini kan Irdina da Harith, Allah Ya raya su cikin imani. Abang Mokhtar yana gaishe ka, ƙanwar Mak, Mak Su Halijah, ita ma tana gaisuwa, ta ce ka manta da ita. Ɗazu Abah ya same ni ina rubutu ya tambaya wa nake rubuta wa, na ce Shahrizal. Sai fuskarsa ta washe, ya ce ai dogon nan ne, to in gaya maka tunda kai kana da tsawo ka leƙa ta saman ƙofa, in ka hango uwarku ka ce mata kada ta ji tsoro, ta zauna inda take, yana nan yana nema. Na ce masa zan faɗa, ga shi na faɗa.

Allah Ya jiƙan Mak, Ya sassauta wa Abah, Ya haɗa fuskokinmu da alheri. Wassalam.

Taka yayarka,
Kak Long Rosnani