Ladanan Inna

Bauchi

Zuwa ga Yayana Mahfuz,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali. Mu nan sai godiya.

Birkilan da ka turo ya gyara ɗakin Inna tsaf, sai dai aiki ya tsaya a kan tsagar nan ta jikin azara. Da ya leƙa, jemagu ya tarar, ƙanana, kowanne bai fi babban yatsa ba. Ni dai cewa na yi a yi musu hayaƙi a toshe, na gaji da sharar kashinsu. Sai ga 'yarka Radiyya daga jami'arsu ta Yelwa da malaminta, har da safar hannu. Wai irinsu sun kusa ƙarewa, ga shi suna shayarwa. Boko dai!

Ba ita ta karya mini gwiwa ba, Inna ce. Ka san kunnenta ya tafi, ta daina jin ladan. Ashe fitowarsu take jira kullum ta san magariba ta kawo jiki, ta tashi alwala ba sai ta tambayi kowa ba. Wallahi Yaya, ina gidan nan ban taɓa lura ba. Na ce a bar tsagar, kada ka yi faɗa.

Ƙanwarka,
Habibatu

Zuwa ga Yaya Mahfuz,

Sallama da gaisuwa. Ya jikin matarka Ummi? Allah Ya ƙara sauƙi.

Na ga saƙonka, wai ka biya aiki an bar maka rami. To, ramin ma sai da ya zama kango, domin buge-bugen birkila ya kore su. Inna ta shiga zaman jiran a taɓa kafaɗarta in magariba ta yi, kamar yarinya. Ba ta yi ƙorafi ba, amma abincinta ya ragu, ni kuma hankalina ya tashi. Radiyya ta hana mu kunna ƙwan lantarkin wajen, wai haske zai hana su dawowa, ta ce mu yi haƙuri.

Jiya ina tankaɗe sai na ji motsin buta. Na ɗaga kai, ga su suna fitowa ɗaya bayan ɗaya, Inna kuwa har ta naɗe hannun riga. Ta harare ni, ta nuna mini sama, wai in bar garin nan haka, lokaci ya yi. Ina ajiye rariya ladan ya ɗaga murya.

Kashin kuma ina sharewa, bakina alaikum. Inna tana sa maka albarka.

Taka har kullum,
Habibatu