Tambayar Nana Hadiza a Zaman Adashi

Lahadi, 7 ga Yuli, 2024

Kai mai buɗe littafin nan ba da izinina ba, rufe shi. Allah yana ganinka, ni ma zan gane.

Yau 'yata Nana Hadiza ta kunyata ni. Muna zaman adashi a tsakar gidana a unguwar New Bell, ni da nake uwar adashin nan tun kafin a yaye ta, sai ta ce a gaban mata, "Mama, in mutum biyar suka kasa zubi wata ɗaya, me kika ajiye a gefe?" Na ce Allah na ajiye. Ta ce ai yawancinsu mazansu atamfa suke sayarwa a kasuwar Mboppi, kuma magazin ɗaya, wato ɗakin ajiya, suke zuba kaya, abin da ya sami ɗaya ya sami duka. Delu, ɗaya daga cikin 'yan adashin, ta tofar da yawu, ta ce, "Bakinki ya sari ɗanyen kashi, yarinya."

Talata, 9 ga Yuli

Wai aikin Nana ke nan a kamfanin ba da rance. Su zauna a ofis su ƙaga gobara, su ƙaga ambaliya, su ce masu ajiya sun taso gaba ɗaya neman kuɗinsu, sannan su auna ko jarin kamfanin zai ɗauki bugun. In bai kai ba, a ƙara jari ko a rage rance. Na ce mata ɗa mai tarbiyya ba ya kiran masifa da sunanta, balle ya karɓi albashi a kai. Ko ta ba Delu haƙuri ko ta nemi wani gidan.

Ta ce, "To, Mama." Na ɗauka haƙurin take nufi.

Alhamis, 11 ga Yuli

Nana ta koma unguwar Cité des Palmiers wajen ƙanwata Rahinatu. Har yau kwano uku nake zubawa, har da nata.

Asabar, 24 ga Agusta

Ruwa ba ƙaƙƙautawa. Ya shiga magazin ɗin har ƙugu. Ɗana Isma'il ya je taya kwasa, ya dawo hannunsa shuɗi. Ya ce atamfofin sun zuba launi cikin juna, ko tsumma ba za su yi ba.

Lahadi, 1 ga Satumba

Rabin mata ba su zo ba. Waɗanda suka zo, ƙasa suke kallo. Kwasar Lauratu ce, ita da ta yi ta jira saboda aikin idon mahaifiyarta. Na miƙa mata ɗan abin da ya taru. Ta karɓa da hannu biyu, ta yi godiya. Da ma zagina ta yi.

Delu ta ce bakin 'yata ne ya jawo. Na ci gaba da naɗe tabarmi.

Alhamis, 12 ga Satumba

Na kai 'yan kunnena na zinari aka auna, na cika wa Lauratu. Wata mai zuwa ban san me zan cire ba.

Rahinatu ta kira. Ta ce kamfanin su Nana ma ya ba mutanen magazin rance, amma bai girgiza ba, sun yi tanadi. "Yaya, ranar da ta ji labarin kuka ta yi har ta kasa cin abinci." Kuma wai za a mai da ta reshen Garoua ƙarshen wata, ta amsa. Na ce Allah ya kiyaye hanya. Na kashe wayar kafin muryata ta tona ni.

Juma'a, 20 ga Satumba

Delu ta sake zuwa da zancen. Na ce mata daga sama ruwa ya sauko, ba daga ɗakin 'yata ba, ta ɗauki mayafinta.

Da muka ci abinci na kafa wa Isma'il doka. Daga yau, duk abin da ya shigo gidan nan sai an ware wani kaso da ba a taɓawa. Kuma duk wanda ya hango masifa ya faɗe ta da sunanta, babba ko ƙarami, ba mai tare masa baki, har da ni.

Ya ce, "Mama, in gaya wa Yaya Nana?"

Na ce doka ta 'yan gida ce, dole kowane ɗan gida ya ji ta. Kafin ƙarshen wata.