Dutsen Iyakar Gonarmu Ya Fara Tafiya

Ƙanena Bashiru,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina karatu, yaya sanyin Japan? Yaya Hauwa da goyo? Mu nan Bagudo lafiya lau, ƙafar Inna ma ta yi sauƙi.

Ka ja mana magana. Ka tuna da ka ce mini can ƙarƙashin ƙasa duwatsu kan zame a hankali, sati da sati, ba mai jin girgiza? To, na kai labarin majalisa ina taƙama da kai. Baba Ɗanjumma, maƙwabcin gonarmu ta Kende, yana zaune yana gyaɗa kai.

Ran Laraba na je shuka, na tarar dutsen iyaka ya shigo mana kunya huɗu. Da na tambayi Baba Ɗanjumma sai ya ce, "Ni mi nis sani? Ɗan bokonku ya ce ƙasa na tafiya." Na nuna masa sawun takalminsa a wurin. Wai bin dutsen ya yi don ya ga inda za shi!

Don Allah ka rubuto wa mai gari cewa zamewar ba ta iso Kebbi ba tukuna. Ka gaida Hauwa, ka sa mu a addu'a. In ka yi nawa, baɗi a Benin za mu shuka gero.

Yayanka,
Sani